Yadda Ake Zana Amino Asid da Hannu Ba Tare da Haddar Aku Ba

Ranar da aka fara buɗe mini shafin nan mai ɗauke da zanen amino asid guda 20, gabana ya faɗi. Ga layuka, ga zobba, ga sunaye masu karya harshe. Na zauna na haddace su ɗaya bayan ɗaya, na shiga jarrabawa na zazzage, amma mako bai zagayo ba sai ga shi ko biyar ba na iya zanawa. Sai da na fara koya wa wasu na gane ashe zane ɗaya ne aka maimaita sau 20. Kututturen ɗaya ne, reshe kawai ke sauyawa, rassan ma yawancinsu daga juna suka tsiro. Wanda ya iya ƙirga hannuwan atom, wato ƙananan ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa, zai gina su duka da kansa, in ya yi kuskure kuma zanen ne zai tona masa.

Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su, daga himogulobin da ke ɗaukar iska a jini zuwa keratin na gashi da farce. Na farkonsu da aka ware shi ne asfarajin, a 1806, a hannun Faransawa biyu, Vauquelin da Robiquet. Na ƙarshe cikin 20 ɗin, tiriyonin, sai a 1935 William Rose ya gano shi a Amurka. Abin da ya ɗauki masana shekara 129 kai za ka zana shi a yini guda.

Ka tanadi takarda marar layi, fensir, abin gogewa da jan biro. Can gaba za ka buƙaci ɗan danƙo ko laka, da tsinken ashana, da madubi.

Mataki na 1: San hannuwan kowane atom

Sinadarai biyar ne kawai a cikin aikin nan: kabon, haidurojin, oksijin, naitirojin da sulfa, wanda aka fi sani da farar wuta. Alamominsu C, H, O, N da S. Kowanne yana da adadin hannuwan da yake riƙe maƙwabta da su. Kabon huɗu, naitirojin uku, oksijin biyu, sulfa biyu, haidurojin ɗaya. Rubuta wannan a saman takardarka da jan biro.

Layi ɗaya tsakanin atom biyu yana cin hannu ɗaya daga kowannensu, layi biyu yana cin hannu bibbiyu. In ka ga naitirojin da hannu huɗu, lalle ya kasance da alamar + a kansa. In ka ga oksijin da hannu ɗaya, lalle ya kasance da alamar −. Kabon kuwa ba ya wuce huɗu ko da wane dalili. Kabon mai hannu biyar shi ne kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai, ni ma na sha jan biro a kansa.

Mataki na 2: Zana kututturen

Rubuta C a tsakiyar takarda. Ja layi huɗu daga jikinsa: hagu, dama, sama, ƙasa.

A hagu sa N, ka ba shi H guda biyu. Hannunsa uku sun cika: ɗaya ga kabon, biyu ga haidurojin. Wannan shi ne gungun amino, NH₂.

A dama sa wani C. Daga gare shi ja layi biyu zuwa O ɗaya, sannan layi ɗaya zuwa wani O wanda ke riƙe da H. Ƙirga: ɗaya ga kabon na tsakiya, biyu ga O na farko, ɗaya ga OH, huɗu ke nan. Wannan shi ne gungun kabokzil, COOH, kuma shi ne asid ɗin. Kana iya ganin inda sunan ya fito: amino a hagu, asid a dama.

A sama sa H. A ƙasa rubuta R da jan biro. R ba wani sinadari ba ne, gurbi ne aka bari wa reshe.

Kabon na tsakiya sunansa kabon alfa, domin shi ne na farko bayan gungun kabokzil. Daga shi ake bin reshe da haruffan Girka: atom na farko a reshe bita, na biyu gama, sai delta, sai efsilon. Kada ka raina waɗannan sunaye, da su za mu riƙa cewa ga inda reshe ya rabu. Duk amino asid ɗin da ke cikin furotin gungun aminonsu a kan alfa yake. Akwai wasu a jiki da ba haka suke ba, kamar GABA ta ƙwaƙwalwa wadda aminonta ke kan gama, amma ba a gina furotin da su.

Zana kututturen nan sau goma a jere, har hannunka ya daina jiran umarni.

Mataki na 3: Tsiro da rassan daga juna

Nan ne aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa.

Sa H a gurbin R. Ka zana gilaisin, Gly, mafi ƙanƙantarsu. Henri Braconnot ya samo shi daga jelatin a 1820, sunan kuma daga kalmar Girkanci mai nufin zaƙi yake. Goge H ɗin ka sa CH₃. Ka zana alanin, Ala. Biyu ke nan.

Alanin shi ne uwar gida a wannan dangi. Ka cire H ɗaya daga CH₃ ɗinsa, ya zama CH₂ mai hannu ɗaya a sake, ka riƙa maƙala masa abubuwa daban-daban. Amino asid tara ne ke fitowa ta wannan hanya kaɗai.

Maƙala OH, ka sami sirin, Ser. Sauya O ɗin da S ya zama SH, ka sami sistiyin, Cys. Maƙala COOH, asfatik asid ke nan, Asp. Cire OH na wannan sabon kabokzil ɗin ka sa NH₂, ya zama CONH₂, ka sami asfarajin, Asn. Maƙala zoben benzin, wato zobe mai kusurwa shida duk kabon, mai layi biyu-biyu guda uku da ke tsallake juna, ka sami fenilalanin, Phe. Sunan ma ya faɗi gaskiya: alanin ne da zoben fenil, sunan zoben benzin in ya zama reshe. Je kusurwar da ke fuskantar inda zoben ya kama CH₂, can ɗaya gefen, ka sa OH, ka sami tairosin, Tyr. Sannan maƙala CH mai ɗauke da CH₃ guda biyu, liyusin ke nan, Leu.

Sauran biyun suna buƙatar natsuwa. Na farko histidin, His. Zana zobe mai kusurwa biyar. Fara daga kusurwar da ta kama CH₂, ka zagaya: C, N, C, N, C. Wato kabon uku, naitirojin biyu, da kabon ɗaya tsakanin naitirojin ɗin biyu. Sa layi biyu tsakanin kabon na farko da na ƙarshe. Sa wani layi biyun tsakanin kabon na tsakiya da ɗaya daga naitirojin ɗin, ɗayan kuma ka ba shi H. Ƙirga hannuwa, ka cike gurbin kabon da H.

Na biyu tiriftofan, Trp, babbansu duka. Zobe biyu ne suka yi tarayya a bango ɗaya. Zana zobe mai kusurwa biyar, ka fara daga inda ya kama CH₂: C, C, NH, C, C. Layi biyu tsakanin kabon na farko da na biyu. Kabon biyun ƙarshe su ne bangon da zoben benzin ya jingina da shi, sai ka gina benzin ɗin a kansu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa N daf da kabon da ya kama CH₂. Kabon ɗaya ne a tsakaninsu.

Yanzu kana da 11.

Koma kan asfatik asid da asfarajin. Ƙara wa kowanne CH₂ ɗaya a tsakiyar reshe, reshen ya fara da CH₂CH₂. Asfatik ya zama gulutamik asid, Glu, asfarajin ya zama gulutamin, Gln. Wa da ƙane ne, tsawo kawai ya bambanta su. A kan wannan CH₂CH₂ ɗin dai, sa S sannan CH₃, ka sami mitiyonin, Met. Lura sulfan mitiyonin a tsakiya yake, kabon ta ko'ina, ba shi da H. Na sistiyin kuwa a baki yake da H ɗinsa, wannan bambancin zai yi aiki can gaba. An kai 14.

Sai dogaye biyu. Laisin, Lys: CH₂ huɗu a jere, NH₂ a ƙarshe. Arjinin, Arg: CH₂ uku, sai NH, sai C wanda ke riƙe da NH ta layi biyu da NH₂ ta layi ɗaya. Ni yadda nake tunawa, laisin huɗu da naitirojin ɗaya, arjinin uku da naitirojin uku. An kai 16.

Akwai uku da reshensu ke rabuwa tun daga kabon bita, daf da kututture. Zana CH a bita, ka ba shi hannu biyu a sake. CH₃ da CH₃, falin ke nan, Val. CH₃ da OH, tiriyonin, Thr. CH₃ da CH₂CH₃, aisoliyusin, Ile. Dubi liyusin da aisoliyusin kusa da juna. Atom ɗinsu ɗaya ne cif, kabon huɗu da haidurojin tara a reshe, amma liyusin a gama yake rabuwa, aisoliyusin a bita. In ka riƙe wannan ba za su sake rikita ka ba.

Na 20 shi ne furolin, Pro, wanda ya fita zakka. Reshensa CH₂ uku ne, amma maimakon ya miƙe sai ya lanƙwaso ya kama naitirojin na kututture. Goge H ɗaya daga NH₂, ka haɗa CH₂ na uku da N. Zobe mai kusurwa biyar ya fito: N, kabon alfa, da CH₂ uku. Wannan zoben yana ɗaure kututturen, shi ya sa furolin ke yawan zama inda sarƙar furotin ta yi kwana.

Da ka gama, ɗauki jan biro ka raba su gida-gida da ido. Reshen da kusan duk kabon da haidurojin ne yana gudun ruwa kamar mai: alanin, falin, liyusin, aisoliyusin, mitiyonin, fenilalanin, tiriftofan, furolin. Irin waɗannan a cikin furotin suke ɓuya. Reshen da ke da OH ko CONH₂ yana shiri da ruwa amma ba shi da caji, wato + ko −: sirin, tiriyonin, asfarajin, gulutamin. Masu ƙarin COOH asid ne, masu naitirojin da ke karɓar H⁺ (haidurojin mai caji +) kuma, wato laisin, arjinin da histidin, kishiyoyinsu ne. Gilaisin, sistiyin da tairosin kowane littafi da gidan da yake ajiye su. Ban ga amfanin jayayya a kai ba, ka dubi reshen ka faɗi halinsa ya fi ka haddace gidan da wani ya sa shi.

Akwai wasu biyu da ba kasafai ake cin karo da su ba, selenosistiyin da firolaisin, shi ya sa wani lokaci za ka ji an ce 22. Na farkon sistiyin ne da aka sa seleniyam a gurbin sulfa.

Mataki na 4: Auna zanenka da lissafi

Wannan ita ce hanyar kama kuskure ba tare da duba littafi ba. Nauyin atom ɗin, in an dunƙule: H 1, C 12, N 14, O 16, S 32. Kututture ba reshe yana da C biyu, H huɗu, N ɗaya, O biyu: 24 da 4 da 14 da 32, jimla 74. To nauyin kowane amino asid shi ne 74 a tara da nauyin reshensa.

Gilaisin 74 da 1, 75. Alanin 74 da 15, 89. Sirin, reshensa CH₂OH 31 ne, 105. Falin 117, sistiyin 121, liyusin da aisoliyusin 131 kowanne, asfatik asid 133, laisin 146, gulutamik asid 147, mitiyonin 149, histidin 155, fenilalanin 165, arjinin 174, tairosin 181, tiriftofan 204. Furolin kaɗai ne za ka ɗebe 1, saboda H ɗin da ka goge: 74 da 42, a cire 1, 115. In lissafinka ya gaza ko ya zarce da 14, CH₂ ne ka manta ko ka ƙara. In da 1 ko 2 ne, koma kan zobba ka sake ƙirga H.

Mataki na 5: Sa musu caji

Zanen da muka yi zuwa yanzu, mai NH₂ da COOH, zanen koyo ne. A cikin ruwa kusan ba a samun amino asid a wannan kama. Kabokzil yana sakin H⁺ ɗinsa ya zama COO⁻, amino kuma yana karɓar H⁺ ya zama NH₃⁺. Sai ƙwaya ɗaya ta zama tana da + a wannan gefe da − a wancan, jimlar cajinta sifili. Ana kiran wannan siffa ziwitariyon, daga kalmar Jamusanci mai ma'anar mata-maza. Ita ce dalilin da ya sa busasshen amino asid ke kama da gishiri, yawanci ba ya narkewa a wuta sai zafi ya haura digiri 200, galibi ma lalacewa yake yi kafin ya narke.

Don sanin siffar da za ka zana, lamba biyu kake buƙata. Ta farko pH, ma'aunin tsamin ruwan da abin ke ciki, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. Ta biyu pKa, lambar da kowane gungu ke da ita, wato pH ɗin da rabin gungun ya saki H⁺ rabi yana riƙe. Ƙa'idar ɗaya ce: in pH ya gaza pKa, gungun yana riƙe da H⁺ ɗinsa, in ya wuce, ya sake shi.

Gwada da gilaisin. Kabokzil ɗinsa 2.34, aminonsa 9.60. A pH 1, ƙasa da duka biyun, kowa na riƙe: COOH da NH₃⁺, caji +1. A pH 7, an wuce 2.34 amma ba a kai 9.60 ba: COO⁻ da NH₃⁺, sifili. A pH 12 kowa ya saki: COO⁻ da NH₂, caji −1. Zana ukun a jere da kibiya tsakaninsu.

Akwai pH ɗin da jimlar caji ke zama sifili daidai wa daida, ana rubuta shi pI. Ga gilaisin, tara lambobin biyu ka raba biyu: 2.34 da 9.60, rabi, 5.97.

Inda ake zamewa shi ne masu lamba uku, wato waɗanda reshensu ma yana da nasa pKa. Ɗalibi zai tara ukun ya raba uku, wannan kuwa ba daidai ba ne. Abin da za ka yi shi ne ka jera siffofin daga mafi tsami zuwa sama, ka nemo wadda cajinta sifili ne, ka ɗauki pKa biyun da suka sa ta a tsakiya. Asfatik asid yana da 1.88, da 3.65 na reshe, da 9.60. Cajinsa yana tafiya +1, sifili, −1, −2. Sifilin yana tsakanin 1.88 da 3.65, don haka pI kusan 2.77. Laisin yana da 2.18, 8.95, da 10.53 na reshe. Cajinsa +2, +1, sifili, −1. Sifilin yana tsakanin 8.95 da 10.53, pI 9.74. Littattafai kan ɗan saɓa a lambar bayan ɗigo, yi aiki da na littafin da ke gabanka.

Jinin mutum yana wajen pH 7.4. A nan rassan asfatik da gulutamik suna da −1, shi ya sa aka fi kiransu asfatet da gulutamet. Laisin da arjinin suna da +1. Histidin ne mai ban sha'awa: pKa na reshensa wajen 6 ne, kusa da na jiki, don haka a 7.4 kamar huɗu cikin ɗari ne kawai ke da caji, amma da muhallin ya ɗan sauya sai ya karɓi H⁺ ko ya miƙa. Wannan saurin karɓa da bayarwa shi ya sa ake yawan samun histidin a wurin da enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai a jiki, ke gudanar da aikinsa.

Mataki na 6: Ɗaga shi daga takarda

Takarda tana yaudara. Hannuwa huɗun kabon alfa ba a shimfiɗe suke kamar mararraba ba, kowanne yana nesanta da ɗan uwansa a sarari, kusurwar tsakaninsu kusan digiri 109.5. Mulmula danƙo, ka soka masa tsinke uku su zama ƙafafu a buɗe kamar murhu, na huɗu ya miƙe sama. A bakin kowane tsinke sa alama daban: H, N, COOH da R.

Ajiye shi gaban madubi, ka gina na biyu daidai da wanda kake gani a ciki. Yanzu yi ƙoƙarin juya ɗaya ya yi daidai da ɗayan ta kowane gefe. Ba zai yiwu ba. Da biyu sun dace, biyu sun saɓa. Kama kamar an tsaga kara, amma kamar hannun dama da na hagu suke. Ana kiran ɗaya L, ɗayan D, kuma furotin ɗin da halittu ke ginawa da L ake yin su. Ana samun D a wasu wurare, misali D-alanin a bangon ƙwayoyin bakteriya. Gilaisin ba ya cikin wannan magana, tunda H biyu ke kan alfansa, shi da hotonsa na madubi abu ɗaya ne. Tiriyonin da aisoliyusin kuwa irin wannan kabon biyu gare su, alfa da bita.

Don gane wanne ka gina, riƙe samfurin yadda H zai nuno fuskarka, ka dubi sauran ukun a bayansa. Bi su a jere: CO na kabokzil, sai R, sai N. In tafiyar ta bi yadda hannun agogo ke juyawa, L ne. In ta saɓa, D ne. Ka tabbata H na kallonka, domin in ka juya shi baya amsar ma juyawa take yi. Na taɓa bayyana wa aji guda wannan da samfurin a juye, sai washegari na dawo na warware.

A takarda ana amfani da tsarin Emil Fischer: COOH a sama, R a ƙasa. In amino na hagu, L ne. Zanen mataki na 2 ba a kan wannan tsari yake ba, kada ka karanta L ko D daga gare shi. Akwai kuma wani tsarin suna mai amfani da haruffan S da R (ba S na sulfa ko R na reshe ba), inda dukan L ke fitowa S ban da sistiyin, saboda sulfansa ya sauya jerin fifiko. Sunan ne ya sauya, tsayuwar atom ɗin tana nan yadda take.

Mataki na 7: Haɗa biyu su zama sarƙa

Zana gilaisin a hagu, alanin a dama, kowanne aminonsa a hagu. Kabokzil ɗin gilaisin zai fuskanci aminon alanin. Zagaye OH na gilaisin da H ɗaya na aminon alanin da jan biro. Abin da ka zagaye H₂O ne, ruwa. Goge shi, ka ja layi daga C zuwa N. Wannan CO–NH ɗin shi ne haɗin feftaid, wanda Fischer da Franz Hofmeister suka bayyana a 1902. Nauyin abin da ka samu 75 da 89, a ɗebe 18 na ruwa, 146.

Sarƙar tana da kai da wutsiya. Gefen da amino ya rage a sake shi ake fara rubutawa, a hagu, gefen kabokzil a dama. Gly-Ala daban, Ala-Gly daban. Zana na biyun ka gani. Da tubali 20, sarƙa mai biyu tana da iri 400, mai uku 8,000.

Haɗin feftaid da layi ɗaya ake zana shi, amma ya fi layi ɗaya na yau da kullum gajarta da tauri, ba ya juyawa. Atom shidan da ke kewaye da shi a shimfiɗe suke kamar faranti, juyawar sarƙa a gefe biyun kabon alfa take faruwa. Saboda haka in kana zana doguwar sarƙa, yi kututturen hawa da sauka, N, C alfa, C, N, C alfa, C, ka sa O na CO da H na NH suna fuskantar ɓangarori mabambanta.

Ga kuma amfanin SH na sistiyin. Biyu daga cikinsu in sun kusanci juna sukan zubar da H ɗinsu su haɗu S–S, su ɗaure sarƙa. Insulin, wanda Frederick Sanger ya gama karanta jerinsa a 1955, amino asid 51 ne a sarƙa biyu, mai 21 da mai 30, kuma irin wannan gada uku ce a jikinsa, biyu tsakanin sarƙoƙin, ɗaya a cikin gajerar.

Dogon jeri da harafi ɗai-ɗai ake rubuta shi, tsarin da Margaret Dayhoff ta assasa. Yawancinsu harafin farko ne na alamar, amma tara sun kauce: D asfatet, E gulutamet, N asfarajin, Q gulutamin, K laisin, R arjinin, F fenilalanin, Y tairosin, W tiriftofan. Waɗannan kam sai hadda.

Gwajin ƙarshe

Rufe littafi. Zana wannan sarƙa mai takwas a pH 7.4: Val-His-Leu-Thr-Pro-Glu-Glu-Lys. Kula da furolin, bayan ya shiga sarƙa naitirojinsa ba shi da H ko ɗaya. Ƙirga cajin rassan: gulutamet biyu −2, laisin +1, histidin kusan sifili, jimla −1.

Wannan ba jerin ƙirƙira ba ne, shi ne farkon sarƙar da ake kira bita (ba kabon bita ba) ta himogulobin ɗin mutum, mai amino asid 146. Yanzu je na shida, goge reshen gulutamet, ka sa na falin. Sake ƙirga cajin: sifili. Abin da ka zana shi ne himogulobin na cutar sikila. Vernon Ingram ne ya gano wannan musanya a tsakiyar shekarun 1950, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar yana tafiya daban idan aka sa shi a filin lantarki. Tunda kowane himogulobin sarƙar bita biyu gare shi, cajin − biyu ke nan suka ɓace, kuma wannan bambancin tafiya har yanzu ana amfani da shi wajen gwajin jinotayif.

Dubi rassan biyu da ka zana. Gulutamet mai caji ne, yana zaune lafiya a bayan furotin inda ruwa ke taɓa shi. Falin mai gudun ruwa ne, an kuma ajiye shi a tsakiyar ruwa. Da himogulobin ya sauke iskar oksijin, sai wani ɗan gurbi mai gudun ruwa, wanda fenilalanin na 85 da liyusin na 88 suka kewaye, ya samu a jikin maƙwabcinsa, falin ɗin ya faɗa ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa jar ƙwayar jini ta koma siffar lauje.